Ga masu koyon bambance limfet: kwanso yana yaudara

Limfet dodon koɗin teku ne mai kwanso kamar malfa, yana manne wa duwatsun gaɓa. A kudu maso yammacin Ingila da gaɓar Faransa jinsi uku ne kan haɗu a dutse guda: Patella vulgata, Patella depressa da Patella ulyssiponensis. Ƙannena, kuskuren da ya fi cin mu a farkon aiki shi ne raɗa suna daga kallon kwanso. Tsayin kwanso muhalli yake bi: wanda ke can sama, inda rana ke dukansa idan ruwa ya janye, kwansonsa kan yi tsini, ɗan'uwansa na ƙasa kuma ya baje.

Ku zura wuƙa mai faɗi ku ɓamɓare shi farat ɗaya, don in ya ankara ya ƙanƙame, sai kun fasa kwanson. Ku kifa shi ku duba ƙafar, wato naman ƙasansa da yake mannewa da shi, tun yana da rai. Ta vulgata toka-toka ce mai ratsin kore ko rawaya, 'yan gashin da ke gefen naman da ya kewaye bakin kwanson garai-garai. Ta depressa ta yi duhu, gashin fari fat. Ta ulyssiponensis ruwan lemo ce. Ku ɗauki hoto nan take, itanol, giyar da ake adana shi a ciki, yana kashe launi.

Sai radula, harshen nan mai jerin haƙora. A jiƙa kan limfet ɗin a ruwan KOH, sinadari mai narkar da nama, na kashi 10 cikin ɗari har naman ya narke, a auna tsawonta da na kwanson. Ta vulgata ta fi ta ulyssiponensis tsawo, amma awon kan shiga juna, don haka siffar haƙoran a maikuroskof ta fi zama hujja.

Wajen DNA aka fi tafka asara. Fomalin, ruwan sinadarin da ake adana nama a ciki, yana lalata shi. A yanki ɗan naman ƙafa kamar ƙwayar shinkafa, a goge yauƙin, domin yana hana PCR, aikin ninka DNA kafin a karanta shi, tashi, a sa a itanol mai kashi 96, a canza shi washegari saboda ruwan naman yana surka shi. Yankin DNA da ake kira COI mai harafi 658 ake fara karantawa, sai dai gadon uwa kawai yake nunawa; in ana zargin barbarar yanyawa, a haɗa da wani yanki daga cibiyar ƙwayar halitta. Kada kuma a gaskata kowane suna da ke GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, akwai waɗanda aka shigar bisa kuskure.

Lamba ɗaya za a ba kwanso da nama da hoto, a rubuta da fensir a jefa cikin kwalbar, tawada narkewa take a itanol.