Kada ka jingina magana ga littafin da idonka bai gani ba

Ƙannena masu shirin rubuta kundin kammala karatu, ku ji abin da ya same ni ranar da na tsaya kare kundina gaban malamai a Ngaoundéré ta ƙasar Kamaru.

Bincikena a kan fataucin Hausawa ne a kwarin Binuwai, tsakanin Garwa da Yola. A babi na biyu na kawo maganar Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya iso bakin Binuwai a 1851. Ban taɓa riƙe littafinsa ba. A kundin wani ɗalibi da ya gabace ni na tsinci maganar, na kwashe ta, na ɗora sunan Barth kamar ni na karanto. Sai ɗaya daga cikin malaman ya ɗago kai ya ce, "Wane juzu'i? Wane shafi?" Littafin juzu'i 5 ne, ya fito tsakanin 1857 da 1858 da Jamusanci da Ingilishi. Ni kuwa da Faransanci na kawo maganar, ban ma san wanda ya fassara ta ba. Bakina ya mutu. Iyayena na zaune a bayana, sun taso tun daga Garwa.

Abin da ya fi yi mini ciwo, na san isnadi tun ina yaro. A zaure malam bai taɓa karanta mana hadisi ba tare da ya ce "daga wane, daga wane" ba. Madogara a rubutun boko ita ce isnadin. Da na rubuta cewa ɗalibin nan ne ya ruwaito daga Barth, da ba wanda zai tuhume ni, domin ƙa'ida ta yarda da haka. Kunyar a ce ban karanta asali ba ce ta kai ni.

Kuskurena na biyu ganganci ne. Na tara kwafin takardu babu bango, na cika littafin rubutu da maganganu babu lambar shafi, ina cewa in na gama sai in haɗa manazarta, wato jerin littattafai da takardun da na duba. Da lokacin ya zo, wasu na bar su dole don na kasa gano inda na samo su. Yanzu kafin in karanta ko layi ɗaya, sai na ɗauki hoton bangon littafi da shafin da ke ɗauke da maɗaba'a, gari da shekara.

Dattawan da kuka yi hira da su ma madogara ne. Ku rubuta suna, shekaru, unguwa, ranar hira, da ko Hausa aka yi ko Fulatanci. Ku nemi izininsu kafin ku sa sunansu. Biyu daga cikin nawa sun rasu kafin in koma in cike giɓin, Allah ya jiƙansu.

Batun tsarin rubuta madogara bai kai wannan nauyi ba. Wasu sassa na bin APA, wato suna da shekara cikin baka, masu tarihi kuma sun fi son bayani a ƙasan shafi. Ku tambayi malamin da ke duba aikinku tun ranar farko, ku tsaya a kan guda. Manhajar Zotero kyauta ce, tana jera manazarta, amma ku bi bayanta da ido. Sunan marubuci kuma ku bar shi yadda yake a bango: in Mohammadou ya rubuta, kada ku mayar da shi Muhammadu ko Mahamat, don mai nema a laburare ba zai same shi ba.