Ambulan a Cikin Littafin Kaka

Asabar da dare, Wusasa.

Sha ɗaya ta wuce, yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Gara in rubuta abin nan tun da zafinsa, don na san halina. In na bari ya kwana, gobe zan goge labarin har ya zama laifina ɗan kaɗan ne.

Da safe hazo ya rufe Dutsen Kufena, ko kansa ba a gani. Bayan addu'ar safe na ce bari in karkaɗe ɗaki kafin in fita shago, tunda saura mako biyu Kirsimeti, baƙi kuma sun kusa fara sauka. Na sauko da akwatin da ke kan kabad. A cikinsa Littafi Mai Tsarki na Kaka yake, tsohuwar fassarar nan ta 1932, wanda bangonsa ya mutu ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Ba da shi nake karatu ba, Hausarsa ta yi mini nauyi. Sai in na yi kewarta nakan buɗe in duba wuraren da ta ja wa layi da fensir. Ina ɗaga shi na ji ya yi tudu ta gefe guda. Na zura yatsu cikin rigar, sai ga ambulan.

Naira 35,000 cif, da rubutun hannuna a baya: "Anko, Zumuntar Mata."

A ƙasa na zauna. Nan take komai ya dawo mini. Ranar da na karɓi kuɗin an ɗauke wuta, baƙi suka yi sallama, na cusa su can ina cewa a raina nan kam ɓarawo ba zai duba ba. Ashe ni ma ba zan duba ba. Washegari na tashi da tabbacin cewa a aljihun keken ɗinki na ajiye su a shago. Da na buɗe ban gani ba, mutum ɗaya kawai ya faɗo mini a rai.

Shekara biyu yarinyar nan tana koyon ɗinki a wurina. Ita ke buɗe shago da sassafe ta share, ita ke hura gawayin dutsen guga. In ta kalmashe bakin zane sai ka ce inji ne ya yi. Mako uku ke nan da na sallame ta.

Ban ce mata ɓarauniya ba, da wannan nake ta kare kaina. Abin da na ce shi ne, "Aiki ya yi ƙasa, ki ɗan huta a gida tukuna." A wannan lokacin, da tela ba ya barci! Ta dubi tulin atamfofi da leshin da ke kan tebur, ta dube ni, ta ce, "To, Anti." Ta cire tef ɗin awo daga wuyanta ta rataye a ƙusa ta fita.

Ran Laraba kuma a taron zumunta na miƙe na ce, "Ku sa ni cikin addu'a, kuɗin anko sun ɓace a shago, kuma mu biyu ne kawai muke da mabuɗi." Mu mata masu zuwa majami'a mun iya wannan: mu sa wa gulma rigar addu'a, kowa ya ce amin, sunan mutum kuwa ya riga ya ɓaci. Wata daga baya ta ce, "Ke ma dai, me ya kai ki ba irinsu mabuɗi?" Na ji, na yi shiru. Irinsu, wato Musulmi. Alhali a Wusasa wa zai faɗi haka da bakinsa duka? Tun da mutanen Likita Miller, Baturen mishan, suka bar Birnin Zariya suka dawo nan a 1929, yawancin gidajenmu rabi ne da rabi. Tsohuwar majami'armu ma ginin ƙasa ce irin ta magina Hausawa. Kawuna, wan mahaifiyata, a sahun gaba yake salla, kuma bai taɓa fashin aiko mana da cinyar rago ran layya ba. Duk na san wannan, amma maganar ta yi mini daɗi a lokacin, don ta tsaya a bayana.

Sa'an nan na biya kuɗin daga aljihuna, aka yi ta yaba mini. Wannan ma na karɓa hannu biyu.

Baban yara ya same ni zaune da ambulan a cinya. Da ya ji, ya yi tsaki a hankali ya ce, "Ki aika mata cewa aiki ya dawo, shi ke nan. Tone-tone me zai haifar?" Ba mugun nufi gare shi ba, ni yake ji wa. Saura kaɗan in yarda. Har na fara lissafin yadin da zan saya mata in rufe bakin zancen.

Gobe akwai Jibin Ubangiji, wato karɓar gurasa da ƙoƙo a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu, abin da ya tsaya mini a wuya ke nan. A Matiyu sura 5 Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Na sha koyar da wannan ga yaran makarantar Lahadi, amma sai yau na lura da inda maganar ta dosa. Bai ce in kai ne aka yi wa laifi ba. Ya ce in kai ake riƙe da shi. Lahadi uku ina durƙusawa ina furta zunubi tare da jama'a, ina ta ƙoƙarin gafarta wa yarinyar, har ina jin na yi abin kirki.

Kafin azahar na rufe shago na wuce wurin Mama, tsohuwar shugabar zumuntarmu. Gaskiya sauƙi na je nema. Na same ta a rana tana ɓarar gyaɗa. Ta saurare ni har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"'Yata, a ina kika ɓata ta? A ɗaki ko a taro?"

"A taro, Mama."

"To a taro za ki wanke ta. Amma ki fara zuwa gidansu. Kuma kada ki je kina cewa an samu kuskure. Wa ya same shi? Ki ce ke kika yi."

Na ce ina jin kunya. Ta ce, "Ita da ta yi mako uku ba ta iya ɗaga ido a unguwa fa? Magana zarar bunu ce, ba za ki iya mayar da ita duka ba. Wadda kika iya, ki mayar."

Da la'asar na isa. Mahaifiyarta na ƙofar gida tana suyar awara, yara sun kewaye kaskon. Matar da kullum ke ce mini "ƙanwata", yau cewa ta yi, "A'a, Madam, sannu da zuwa." Jikina ya yi sanyi. Ta bar wa wata yarinya kaskon muka shiga ciki.

Ashe duk sun ji. Maganar ta fita daga majami'a ta bi layi har ta kai su tun ran Alhamis ɗin. Yarinyar ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Sun kai ta wurin wata tela, aka ce babu wuri. Babanta ya so ya kai zancen gaban mai unguwa, uwar ce ta hana, ta ce a bar wa Allah.

Na durƙusa a tsakar gida, na ajiye ambulan a kan tabarma. Na ce, "Yaya, kuɗin suna ɗakina, ni na ajiye na manta. Na zargi 'yarki da sata, na yi mata ƙarya cewa babu aiki, na kuma ɓata mata suna a gaban mutane. Ku gafarta mini." Muryata sai rawa take.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce, "Tashi. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Yarinyar na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta rame. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Anti, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Bakina ya mutu. Amsar na san ta: ban tambaya ba don na riga na yanke hukunci, kuma ba na son jin abin da zai rushe shi. Haka na faɗa mata, da ƙyar. Tun ina ƙarama na haddace ayar nan ta Yahaya 8:32, cewa za mu san gaskiya, gaskiya kuwa za ta 'yantar da mu. Ina ɗauka irin gaskiyar da ake wa'azinta ce, wadda ke hannunmu muna miƙa wa wasu. Ta yau a kaina ta sauka, a gaban yarinya 'yar shekara 17, kuma ban ji wani 'yanci ba tukuna, sai zafi a fuska.

Sai na sake yin wauta. Na zaro dubu goma daga ambulan na ce ladan makonnin da ta rasa. Uwar ta tura hannuna baya. "Ba sayarwa muke yi ba." Ta yi gaskiya, na so in biya in huta ne.

Na tambaya ko za ta dawo shago. Aka ce sai babanta ya dawo sun yi shawara. Ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ana kiran sallar magariba na miƙe. A ƙofa uwar ta ƙunsa mini awara a takarda, har da yaji, ta ce in kai wa yara. Ba ta ce "ƙanwata" ba, amma ba ta sake cewa "Madam" ba.

Na biya ta shago in ɗauko rigar da zan ƙarasa da dare. Tef ɗinta na nan a ƙusa, na bar shi a wurin.

Na kira sakatariyar zumunta na roƙa a ba ni minti uku gobe bayan sujada, kafin mata su watse, ba sai Laraba ba. Ta ce lafiya? Na ce za ki ji tare da kowa. Abin da zan faɗa na rubuta shi a bayan ambulan, ƙarƙashin "Anko", layi huɗu, don kada in miƙe in fara sassautawa. Layi na ƙarshe game da kalmar nan ce ta "irinsu", da shirun da na yi. Shi na fi jin tsoro, don mai maganar a benci ɗaya muke zama.