Cajin Waya, Caji Ofis da Amalanken Mutanen Da

Shekara tara ke nan ina sana'ar cajin waya a wani lungu cikin Kano, a shagon da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Jarina shi ne katako mai soket 120 a bango, da tarin caja iri-iri da nake sarowa a kasuwar waya ta Farm Centre, da yaron shago ɗaya. Da janareta na fara. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai na ga kuɗin da nake tarawa da rana a gidan mai yake kwana, na ci bashi na koma sola. Ita ma tana da nata halin. Idan hunturu ya shigo, kullum da safe sai an hau rufi an goge ƙura, in ba haka ba kafin la'asar batir ya fara kuka.

Wanda bai san sana'ar ba gani yake soka waya ne kawai a karɓi kuɗi. Wuta ita ce mai sauƙin. Abu mai wuya shi ne amana, domin mutum zai miƙo maka abin da lambobin 'yan uwansa da hotunan 'ya'yansa da kuɗinsa na banki ke ciki, ya juya ya tafi kasuwa. Shi ya sa kowace waya muke manna mata lamba, a ba mai ita kati mai irin lambar. Ba kati, ba waya, ko da kai ne limamin unguwa.

Rana ɗaya aka saɓa wannan ƙa'ida, ita ce kuma ta jawo labarin nan. A Oktoban 2024 ne, lokacin da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki a duhu. Ban taɓa ganin ciniki irin na wannan makon ba, har a ƙasa muke jera wayoyi. Na je sallar Azahar, wani ya zo ya ce wa yarona katinsa ya faɗi, ya nuna wata waya ya ce ita ce tasa. Yaro ya ga layi, ya ga mutum da manyan kaya, ya miƙa masa. Da yamma mai waya na gaskiya ya iso da katinsa a hannu. Kafin Magariba ina caji ofis.

Ɗan sandan da ke kan kanta ya tambaye ni da Turanci wa ke “in charge” a shagon. Na ce ni ne, yallaɓai. Ya ce in ba mu sasanta ba za a rubuta “charge” a kai ni kotu. Muka sasanta, na biya kuɗin waya, ribar kwana huɗu ta tafi. A hanyar dawowa, duk da baƙin cikin da nake ciki, abin ya ba ni dariya. Caji nake sayarwa, cajin ya kai ni caji ofis, a can aka ce ni ne incaji, aka kuma yi mini barazanar caji. Kaina ma ya ɗau caji.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, da ke zama a bencina yana jiran ƙaramar wayarsa ta cika. Washegari na ba shi labari, na ce, “Malam, su Turawan nan kalmomi ne suka ƙare musu da za su ɗora wa ɗaya wannan aiki haka?”

Ya ce, “Ɗana, ai ka ba kanka amsa. Me ka ce? Ɗora.”

Sai ya gyara zama. Ya ce asalin kalmar ba ta Ingilishi ba ce. Mutanen Gol, waɗanda suka zauna a ƙasar da yau ake kira Faransa, sun shahara da ƙera amalanke, har Rumawa suka ari sunan abin daga bakinsu, ya zama “carrus” a Latin. Daga nan aka ƙirƙiri “carricare”, wato a yi wa amalanke lodi. Bakin Faransawa ya tauna ta, sautin “ka” na farko ya koma “ca”, ta zama “chargier”. A 1066 Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu na ɗaruruwan shekaru, cikin kayan da ya shigo da su har da wannan kalma. A ƙarni na 13 ta zauna a Turanci, ma'anarta kuwa kaya, abin da ake ɗorawa. Ya ce “car” da “carry” da “cargo” duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita, kakansu amalanken nan ne.

Daga nan ban ma bari ya ƙarasa ba, domin Hausa ta riga ta yi mini sauran bayanin. Mu ma ai muna cewa an ɗora wa mutum laifi, ga cajin kotu. An ɗora masa nauyin gida ko na ma'aikata, ga incaji, irin wanda ake tambaya a ƙaramin asibitin ƙauye. An ɗora wa talaka haraji, ko mai shago ya ɗora kuɗi a kan kaya, ga cajin da banki ke yanka a asusunka kana barci. Duk kaya ne, wani a ka, wani a wuya, wani a aljihu. Ni a ganina Bature bai yi wata dabarar da Bahaushe bai yi ba. Bambancin kawai shi ne mu mun bar “ɗora” a fili kowa yana ganinta, su kuwa amalankensu ya ɓace cikin kalmar har jikokinsu ba su san da shi ba.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne nawa cajin, na wuta, tunda waya ba ta ƙara nauyi in ta cika. Malam ya ce ta hanyar bindiga aka biyo. Ɗura wa bindiga ko igwa albarushi shi ma “charge” ne, harba ta kuma “discharge”, wato sauke lodi. A 1745 zuwa 1746 masana a Turai suka gano yadda za a tara wutar lantarki a cikin kwalba, aka sa wa kwalbar sunan garin Leiden na ƙasar Holan. Idan ta cika ka taɓa ta, sai ta yi tartsatsi ta fizge ka, kamar an harba. Benjamin Franklin na Amurka, mutumin da 'yan canjin Wapa ke ganin fuskarsa kullum a takardar dala 100, yana cikin waɗanda suka yi ta gwaji da kwalaben nan, yana rubuta cewa ya ɗura su, ya sauke su, da kalmomin 'yan bindiga. Da ya jera kwalabe da yawa ya haɗa su, wajajen 1749, sai ya kira su “battery”, sunan da sojoji ke kiran jerin igwa. Batirin da ke cikin wayarka daga nan ya samo suna. Na ce to wannan kam na yarda, domin na taɓa ganin batirin da ya kumbura ya yi bindiga a kan katakona, cajar jabu ce ta jawo, sai da muka fita a guje. Tun ranar ba na karɓar wayar da bayanta ya ɗago.

Har sallamar asibiti, in ji shi, “discharge” ce: an sauke ka daga wuyansu. Sojan doki da ya yi sukuwa kan abokan gaba ma “charge” ya yi. Wannan kam ban ga kayan da ya ɗauko ba, amma ban yi musu da Malam ba.

Bayan abin da ya faru na sauya tsari. Yanzu ban da kati, muna rubuta sunan mai waya da irinta a littafi, wanda katinsa ya ɓata kuwa sai ya buɗe wayar da lambar sirrinsa a gabanmu, ko a kira layin mu ji ta yi ƙara. Yaron ban kore shi ba, laifin rabi nawa ne da na bar shi shi kaɗai da mutum hamsin.

Da ribar sauran kwanakin duhun na ƙaro batiran sola biyu, manya, kowanne sai ƙarti biyu sun kama. Mai kura na ɗauka ya turo su daga bakin titi, yana haɗa gumi. Malam na zaune a benci ya hango shi, ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

Na ce, “Malam, lafiya?”

Ya nuna kurar da sandarsa ya ce, “Shekara tara kana cika baki kai mai caji ne. Ga mai caji na asali nan ya iso, ka ba shi ruwa ya sha.”