Robar gilas ta kusa sa ni kuka a kan Fijon Baba

Wanda duk ya san gidanmu a Runjin Sambo ya san farar Fijo 504 ɗin nan da ta yi shekaru ƙarƙashin dogon yaro, awaki na kwana bisa bonet ɗinta, yara na tuƙin ƙarya a ciki. Ta marigayi Baba ce, haɗin Kaduna, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa fitarwa bayan an buɗe shi a 1975. A Faransa tun 1968 aka fara ƙera ta, su can sun daɗe da barinta, mu nan muka riƙe ta har cikin shekarun 2000, shi ya sa na ɗauka samun kayanta ba zai yi wuya ba. To kayan inji da na ƙafa kam ana samu, amma ƙananan abubuwan nan, robar ƙofa, robar gilas, farin ƙarfen ado na gefe da ƴan kilif ɗin da ke riƙe shi, wallahi nan ne na gane ban san komi ba.

Kuskurena na farko, ranar da muka kwance ta na tattara duk tsofaffin robobin da rana ta ƙona sun zama kamar ƙanzo na ba yara suka zubar, har da kilif ɗin. Da fanel bita ya zo, wani dattijo ne da ya yi zamani da motocin nan tun suna tasi tsakanin Sakkwato da Illela, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ɗana, ina tsohin da kac cire?" Na ce Baba ai na yar, sababbi na yo oda. Shiru ya yi ya dube ni, sannan ya ce, "Allah shi kyauta."

Sai da kayan suka iso na gane wannan kallon. Folokam, wato na asali da ke zuwa da mota, ba ya samuwa, na Beljiyam kuma shi ma roba ce mai shekara talatin ko fiye, saboda haka abin da ya rage shi ne kwafi, wanda wasu kamfanoni ke bugawa yanzu bisa fasalin na asali. A hoto ba ka raba su. A hannu kuwa wani ya fi kauri, wani leɓensa gajere ne, wani an ce na salun ne ashe na wagon ne. Da ina da tsohon da sai in yanki ɗan guntu in kara su baki da baki in ga ko ramin ya yi daidai tun kafin in biya kuɗi.

Na biyu kuma shi ya fi ƙona min rai, na yi gaggawar fenti. Mota ta fito tana ƙyalli, muka ɗauko ƙarfen adon gefe za mu sa, ramukan jikin ƙofa da kilif ɗin kwafi suka ƙi haɗuwa, bambancin bai kai faɗin farce ba amma ya isa. Dole aka ɗan faɗaɗa rami a kan sabon fenti, aka bi bakin ramin da jan fenti na hana tsatsa, kowane ƙaran fayil ina jin shi a haƙorina. Duk abin ado a gwada shi tun mota na cikin fentin farko, kafin mai fenti ya yi feshin ƙarshe.

Gilas ɗin gaba kuwa kallo ne. Ba gam ake sa mai ba irin na motocin yanzu, roba ce ke riƙe shi. Dattijon ya shanya robar a rana don ta yi laushi, kuma kun san ranar Sakkwato a watan Afrilu, minti goma ta koma kamar talia. Ya ɗaura ta kewaye da gilas, ya cusa siririyar igiya cikin ramin robar ta zagaye har bakinta biyu suka haɗu a ƙasa, ya shafe da ruwan sabulu. Yaronsa ya ɗauko baƙin mai wai zai fi santsi, ya daka mai tsawa, don mai yana kumbura irin wannan robar ya lalata ta. Ni da yaron muka tsaya waje muna dannawa da tafin hannu, shi yana ciki yana jan igiyar sannu sannu leɓen robar na hawa kan ƙarfe. A kusurwar sama ta ƙi, robar ta fi kauri. Sau uku muna cirewa muna sakewa, zufa har cikin ido, ni kuma na ƙagu na ɗaga hannu zan ɗan buga, ya ce, "Alhaji ƙarami, in kab buga shi ka biya wani." Na sauke hannuna. A na huɗu ta zauna.

Gasket ɗin top, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da murfinsa na sama, ma yana da nashi. Injin 504 silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa, ruwan lagireto na zagaya su kai tsaye, to in an cire top aka juya injin ba a danne su ba za su motsa, abin da ke toshe ƙasansu ya saki, gobe ka ga ruwa cikin baƙin mai ka ɗora wa gasket laifi. Makanikena ya danne su da washa da noti, ya kara sabon gasket da tsohon (wannan kam Allah ya sa ban yar ba) muka ƙirga ramukan ruwa da na mai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaure daga tsakiya zuwa waje, kaɗan kaɗan, da sufana mai awo, don top ɗin alminiyam ne ba ya son a matse gefe guda. Kuma bai lafta jan gam ɗin nan ba kamar yadda wasu ke yi kamar ana shafa wa biredi bota, rarar na gutsurewa ta tafi ta toshe rariyar famfon mai.

Yanzu dai tana tashi, har na kai Inna Wamakko da ita ranar Juma'a. Ƙofar direba sai an buga da ƙarfi don sabuwar robar ba ta gama kwanciya ba, an ce in ba ta ƴan makonni kuma kar in taɓa makullin. Sai hunturu ya zo da ƙurarsa zan san ko ta toshe da gaske. Abin da ya rage ƙarfen adon ƙofar baya ta hagu ne, na kwafin ya zo a lanƙwashe. In akwai mai tsohuwar salun da ta mutu a bayan gida, ko a Gusau take ko Birnin Kebbi, don Allah ya taɓo ni, da kilif ɗinta nake so.