Zama da Dattawan Ikilisiya Don Jin Shaidarsu

Mai son jin yadda Ubangiji ya riƙe wani dattijon Kirista a unguwar Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, Ghana, kada ya je ranar Lahadi bayan sujada, tsoho ya gaji a lokacin. Hantsin tsakiyar mako ya fi. Mutum biyu sun isa, don in aka yi yawa sai hira ta koma wa'azi.

A durƙusa a gaisa tukuna, a nemi izini kafin a ɗauki murya a waya. Tambayar da ke kashe zance ita ce, "Baba, Allah mai aminci ne?" Zai ce "Ƙwarai", shi ke nan. Gara a kama shekara: "Kaka, a 1983, da fari da gobarar daji suka cinye gonaki, Najeriya kuma ta koro 'yan Ghana, me kuka ci a gidan nan? Wa ya kawo?" A nan sunaye ke fitowa, har da addu'ar da ba a amsa ba tukuna, wadda matasa kan yi gaggawar tsallakewa. In ya yi shiru, a ƙyale shi.

Minti 40 ya wadatar. A rubuta a ranar, a koma a karanta masa ya gyara.