Zizar silin ta mutu yau da safe

Alhamdu lillahi 'yan uwa, zizar nan da silin falona yake yi idan sifika tana aiki, wadda ta hana ni sakat sati uku, ta mutu yau, wajen ƙarfe bakwai na safe. Har yanzu akwai ƙurar silin a gashina, amma sai na rubuta muku kafin in shiga wanka.

Falona a nan Yelwa, Garwa, mita 5 ne a mita 4, tsayin silin mita 2.8. Sifiku biyu na ƙara a sama don in koma 5.1.2 (sifiku biyar a kewaye, wufa ɗaya ta sauti mai kauri, biyu a silin), masu inci 6.5, om 8. Daga Duwala aka sayo mini su, suka biyo jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, sannan mota ta ƙaraso da su. Lissafin wurin da zan huda bai ba ni wahala ba. Dolby, kamfanin da ya fito da wannan tsarin sautin, sun ce kusurwar sifikar silin ta kasance tsakanin digiri 65 da 100 daga inda kake zaune, ni na nufi 80. Kunnena yana mita 1.1 daga ƙasa, saura 1.7 zuwa silin, lissafi ya ba ni kamar santimita 30 gaban kujera. Ramin farko kuwa zarto ya ci karo da sandar katakon da ke riƙe silin, don ban leƙa sama ba kafin in yanka. Sabon filawud da fenti da kuɗin kafinta, sefa dubu 14 suka tafi a banza. Ta yi mini ciwo ƙwarai.

Daren farko na ji daɗi. Ruwan sama a fim yana zuba daga bisa kaina kamar daminar Agusta. Sai aka yi tsawa, sifikar hagu ta ce zzzz, kamar zanzaro a cikin gwangwani. Daga ranar kunnena ya daina jin komai sai ita.

Kafinta ya ce, "Alhaji, sifikar ce ba ta da kyau, mayar musu." Na sauya ta hagu da ta dama, zizar ta tsaya a hagu. Na sauya wayoyi a bayan amfilifaya, tana nan. Na ɗauko batirin 1.5 na taɓa kowace waya, duka farantan sifikun biyu waje suka yi, ke nan ban juya ja da baƙi ba. Na ƙara ɗaure kunnuwan sifikar guda huɗu da ke kama silin har na ji filawud ɗin yana neman fashewa, domin kaurinsa milimita 4 ne kacal. Na ɗaga kurosoba, wato iyakar da sauti mai kauri yake barin sifika ya koma wufa, daga 80 zuwa 120 Hz (kaɗawar sauti a daƙiƙa), zizar ta ragu sosai, kuma da yawanku a nan za su ce a bar shi haka, wufa ta ɗauki sauran. Ni na ƙi. Tsawar ta sauko daga sama ta koma kusurwar da wufa take, to me na huda silin domin shi?

Abin da ya buɗe mini ido manhajar gwajin sauti ce a wayar hannu. Na haɗa ta, na riƙa hawa a hankali daga 60, shiru, 80, shiru, ina isa wajen 100 silin ya ɗauka, ina wuce 115 ya saki. Na hau kujera na danna filawud da tafin hannu kusa da sifikar, ba canji. Na matsa kamar taku biyu wajen bango na danna, tsit! Ashe abin da ke kuka ba ya ma kusa da ramin.

Sai hawa sama. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san inuwa ma tana wuce digiri 40, balle ƙarƙashin kwano. Na gwada sau ɗaya bayan la'asar, ko minti biyar ban yi ba na sauko jiri na ɗibata. Kada kowa ya gwada wannan, don Allah. Yau ina idar da sallar asuba na kashe wutar fitilu da fanka, na hau da tocila, babban ɗana yana ƙasa riƙe da waya a kan 100.

"Baba, tana yi?"

"Tana yi, kar ka taɓa komai."

Na bi sandunan da rarrafe har na same ta. Katakon da aka yi silin da shi ɗanye ne, hunturun bana ya busar da shi ya motse, kusoshi uku suka saki. Filawud ya rabu da sandar da ɗan siririn fili wanda ko farce da ƙyar zai shiga, shi ne yake bugunta sau ɗari a daƙiƙa. Ga kuma bututun robar wayar wuta kwance a kansa yana taya shi rawa.

Na zare kusoshin na sa sukuru, na cusa yankan tsohon tiyub na babur tsakanin sandar da filawud, bututun na ɗaure shi sama a jikin katako. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: allon filawud mai milimita 15 da na riga na huda, na shimfiɗa shi a kan ramin, na ɗaure shi da sandunan gefe biyu. Yanzu kunnuwan sifikar katako mai kauri suke cizo, nauyinta kuma ya bar kan silin. A kai na kifa akwati, cikinsa kamar lita 30, da audugar roba irin ta matashi. Kafinta ya kawo shawarar audugar rimi don ta fi araha, na ce a'a, ba zan ajiye abin da ke kama wuta da wuri kusa da waya a ƙarƙashin kwano mai zafi ba. Allo da akwati da sukuru, sefa dubu 11.

Na mayar da kurosoba 80, muka sa tsawar nan sau huɗu a jere. Tsaf. Wallahi sai da na rungume yaron, mu biyu duk ƙura.

Akwatin ya yi wani amfanin da ban yi tsammani ba. Ganuwar da ta raba falo da ɗakin Inna ba ta kai kwano ba, sautin bayan sifika yana bi ta sama ya sauka mata. Ɗazu ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, yau jirgin naka bai bi ta kaina sosai ba." Sosai ɗin nan na nufin sifikar dama ce, wadda har yanzu bayanta a buɗe yake, ƙura tana zuba mata. Yanzu ma sautin biyun ya ɗan bambanta, ta hagu ta fi tsauri, don haka ban sake gwajin makirfo na daidaita sautin sifiku ba tukuna. Allon ta dama yana wurin kafinta, ya ce jibi. Ragar sifikun ma har yanzu fari fat suke a kan silin ruwan madara, ina neman fentin feshi da ba zai toshe ramukan ba.