Abin da na gani a hanjin ɓera

Tun da na baro ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Ghana da ke Legon yau, har trotro, wato motar haya, ya sauke ni a unguwar Nima, abu ɗaya ke yawo a raina.

Malaminmu ya ɗora mana yankan hanjin ɓeraye biyu a na'urar duba ƙananan halittu. Na lafiyayyen, bangon cikinsa cike yake da 'yan tsinkaye dogaye kamar gashin sabon tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci zuwa jini. Na biyun an sa masa tsutsar ciki mai suna Nippostrongylus brasiliensis. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Tsinkayen sun gajarce, sun dakushe, bangon ya kumbura. To ta ina abinci zai shiga jiki yadda ya kamata?

Amma ikon Allah, hanjin bai zauna ya zuba ido ba. Ƙwayoyin da ke fitar da majina sun ƙaru sosai, hanjin yana ƙara motsi, cikin kamar mako biyu ɓera yakan kore yawancin tsutsotsin da kansa.

Ta fata wannan tsutsa take shiga, ta bi ta huhu, ta sauka hanji. Haka tsutsa mai ƙugiya take yi wa mutum, ita kuma jini take sha. Nan na tuna yaranmu da ke wasa ba takalmi a bakin kwata.

Ina shiga gida na tambayi Yaya yaushe rabon da ta ba yaranta maganin tsutsa. Ta ce tun bara. Gobe da safe ni zan kai su asibiti, in sha Allah.